Natsue Mai Buɗe Wasiƙu

Ranar da Hyodo Natsue ta dawo ƙauyenmu, ni na fara ganinta, domin shagona na gyaran gashi yana kallon tashar bas. Ta sauko da akwati ɗaya da laima, sanye da baƙar kwat irin ta ma'aikatan birnin Osaka, ta tsaya tana kallon gonakin lemu da ke jere a jikin dutse. Na san ta tun tana rarrafe. 'Yar mai sayar da awara ce. Ta tafi birni tana da shekara goma sha takwas, ta zama akanta a wani babban kamfanin ƙarfe, har aka ce mutum arba'in ke ƙarƙashinta. Yanzu ga ta da hamsin da ɗaya, iyaye sun rasu, ba miji ba ɗa.

Kafin mako ya zagayo, matan da ke zama a shagona sun gama shari'arta. Wata ta ce korarta aka yi, wata ta ce ciwo take ɓoyewa. Iya Kame kuwa, kanta na cikin na'urar busar da gashi ba ta jin kowa, ta kwarma ihu: "Kuɗin mutane ta ci! Ku dubi takalminta mana!"

Ita ko Natsue ta share tsohon shagon awarar ubanta, ta sa tebur da kujeru biyu da butar shayi, ta rataya allo a ƙofa: "Ana buɗe wasiƙu tare." Na kasa daurewa, na tsallaka titi.

"Natsue, wace irin sana'a ce wannan? Akwai wanda bai iya yage ambulan ba?"

"Yaya Umeno, kowa ya iya. Zama shi kaɗai ya karanta abin da ke ciki ne mai wuya."

"Nawa ake biya?"

"Wanda yake da shi, yen dubu. Wanda ba shi da shi, ya kawo lemu."

"A garin nan? Ai sai lemu ya kore ki daga ɗaki."

Wata biyu ba wanda ya shiga. Ina hango ta tana goge teburin da babu ƙura a kai. Sai wata safiya Baba Doi Masakichi, manomin lemu mai shekara saba'in da tara, ya wuce ƙofarta sau uku da gwangwanin biskit a hammata, kafin ya kutsa. Matarsa Tomoe ta rasu shekara guda da rabi kafin nan, kuma ita ce mai riƙe da duk wata takarda ta gidan. Tun rasuwarta, wasiƙa na zuwa sai ya jefa ta a gwangwani ya rufe. Shi da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya faru, ranar da ya zo aski.

Natsue ba ta tambaye shi dalilin da ya sa ya tara su ba. Ta zuba masa shayi, ta ce, "Baba, kashi uku za mu yi musu, kamar karnuka: masu cizo, masu haushi kawai, da masu kaɗa jela." Ya yi dariya bai shirya ba. Wasiƙa sittin da wani abu suka buɗe. Masu cizo biyu ne kacal, na haraji da na wutar lantarki, nan take ta buga waya ta shirya yadda zai biya kaɗan-kaɗan. A cikin masu kaɗa jela aka sami takardar inshorar gona da Tomoe ta yi bai sani ba, kuma kwana goma sha ɗaya suka rage ya nemi diyyar guguwar da ta kakkarya masa bishiyoyi.

Daga nan ta shiga duba abin da ake cire masa a banki duk wata, tana soke waɗanda ba su da amfani. Ta zo kan yen ɗari takwas na ƙungiyar waƙa ta matan ƙauye.

"Wannan na Inna Tomoe ne. A tsayar?"

Baba ya jujjuya hularsa. Can ya ce, "Ran Alhamis, kafin su fara waƙa, suna kiran sunayen duk waɗanda suka biya. Ni kuma ina zama a bencin da ke bayan taga."

Natsue ta ɗauke alƙalaminta daga kan layin. "To, wannan yana nan. Mu soke jaridar yamma, tunda ka ce naɗe lemu kake yi da ita."

Bayan haka mutane suka fara zuwa, da farko ta ƙofar baya. Masunta, zawarawa, wani matashi da caca ta cinye, har da Iya Kame, wadda ta fito tana cewa ai ita tun farko ta san yarinyar kirki ce. Ba kowa ya ji daɗinta ba. Ta gaya wa wani masunci mai suna Kiyoie ya sayar da jirginsa tun yana da daraja, ya shekara ba ya amsa gaisuwarta. Ya sayar daga baya, amma har yau da ka kawai yake gaida ta.

Ni dai tambayata tana nan. Wata rana ta zo in rage mata gashi, na ga ta shiga hannuna, ba inda za ta gudu.

"Ki gaya mini tsakani da Allah, me ya fito da ke daga wancan aiki?"

Ta kalle ni ta madubi. "Alawar wake."

"Ke, ki daina wasa da ni, almakashi ne a hannuna."

Sai ta ba ni labari. Kamfaninsu yana sayen ƙusoshi daga ƙananan maƙera, kuma ƙa'idarsu ba a biya sai bayan wata huɗu. Wata rana wani dattijo mai ƙaramar maƙera ya hau har bene na goma sha biyu da kwalin alawar wake, ya sunkuya mata, ya roƙi a biya shi kwana goma kafin lokaci don ya sallami ma'aikatansa shida. Ta ce masa ƙa'ida ba ta bari. Ya sake sunkuyawa, ya ba ta haƙuri da ya ɓata mata lokaci, ya bar kwalin ya tafi.

"Muka raba alawar a ofis, Yaya. Tana da daɗi. Da bazara na ga an cire sunan maƙerar daga jerin waɗanda muke hulɗa da su. An rufe ta. Kuma na san hanyoyi uku da zan iya biyansa ba tare da na karya ƙa'ida ba. Ban ma tsaya na duba ba, saboda ina sauri in shiga taro."

"Sai kika ajiye aiki."

"Bayan shekara huɗu."

"Huɗu!"

"Akanta ce fa ni. Sai da na lissafa abin da zai riƙe ni har shekara casa'in, da kuɗin likitan haƙori."

Na tambaye ta ko ta nemi dattijon. Ta ce ta je, ta tarar an mai da wurin filin ajiye motoci, maƙwabta kuma sun ce ya koma wajen 'yarsa a arewa. Ba ta bi shi ba. Ta ce in ta je, shi ne zai ƙare da lallashinta, kuma ba za ta ɗora masa wannan ba.

Shekara tara ke nan da buɗe shagon. Ta jingine baƙar kwat, tana sa wandon gona, kodayake duk wanda ta taya tsinkar lemu ya ce ba zai ƙara gayyatarta ba, don sai ta jujjuya kowanne kafin ta yanke. Bara na kai mata littafin shagona. Ta duba, ta ce ran Talata asara nake yi, mutum biyar na zuwa amma biyu ke biya. Na ce sauran ukun ba gyaran gashi ke kawo su ba, gidajensu ne babu kowa. Ta tambaye ni nawa shayin da nake ba su ranar ke ci, na faɗa mata. Ta rubuta, ta ce in ƙara yen ɗari biyu a kan rinin gashi na ran Asabar, masu zuwa biki ba za su ji ba. Na ƙara, kuma har yanzu ba wadda ta yi magana.