Ranar Da Na Ɗauki "A" Aiki

Mulkina na farko a duniya kwana biyu ya yi, kuma a tsakar gidanmu na yi shi, a Ƙaura, tsakanin murhu uku da turmi biyu. Talakawana mutum uku ne, ƙaramarsu ta girme ni da shekara goma sha biyu.

Innarmu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Duk ranar Alhamis da sassafe wani direba yakan tsaya a ƙofar gidanmu ya ɗauki jarka huɗu ta mai da buhun ƙuli, ya kai wa wata hajiya a kasuwar Shinkafi. Tun ban iya ɗaura zani ba hajiyar nan take karɓar kayan Inna, ba a taɓa saɓa mata ba. Kuma akwai mata biyu a layinmu masu irin sana'ar, suna jiran ranar da za a saɓa kamar yadda shaho ke jiran kaza ta juya baya.

Masu taya Inna aiki su ne Gwaggo, yayar babana, sai Iya maƙwabciyarmu, sai Yaya, 'yar kawuna. Yadda Inna take tafiyar da su kuwa ya daɗe yana ba ni haushi. Da safe sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa. Ya ƙafar Gwaggo, ya jikan Iya ya kwana, ya maganar ɗinkin Yaya. Sai rana ta fara zafi sannan ta ce, "Gwaggon yara, ko za ki kama mini wagga suya?" Kamar ita ce take neman aiki a wurinsu.

Ni kuwa na san yadda ake mulki, don na gani a makaranta. Shugabar makarantarmu takan tsaya a asambili ta ce, "A share filin nan." Kafin ta rufe baki filin ya yi tsabtar da za a iya zuba tuwo a ci a kai. Ba ta gaida kowa, ba ta kiran sunan kowa. Harafi ɗaya tak, "a", shi ke yi mata komai.

Ana nan sai ƙanwar Inna ta haihu a Dauran. Inna ta shirya ranar Talata da safe, za ta dawo Alhamis. Tana ƙofa ta juyo ta ce mini, "Ki kula da aiki." Yanzu na gane nufinta in riƙa miƙa itace da ruwa. A ranar dai kunnena abin da ya ji shi ne: ke ce manaja.

Na yafa mayafin unguwar Inna, na soka biro a ɗankwali, na jawo kujerar roba tsakiyar gida na kira mitin. Suka zo suka zauna a tabarma suna kallona.

"A soya gyaɗa," in ji ni. "A murje, a bakace, a kai inji kafin azahar."

Su ukun suka haɗa baki: "To, za a yi."

Tunda nake ban taɓa ganin biyayya irin wannan ba. Na shige ɗaki na miƙe ƙafa, yadda manya ke yi, ina tausayin Inna da ta ɓata shekaru tana gaishe-gaishe.

Da hantsi ya yi sosai na fito duba aiki. Murhu sanyi ƙalau, har kyanwa ta kwanta a ciki. Yaya tana yi wa Gwaggo kitso, Iya tana tsinke zogalen miyarta.

"Ba a soya ba?"

"Ba a soya ba," in ji Gwaggo, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To me ake jira?"

"A muke jira, ɗiyata. Shi kinka ba aiki. Tun ɗazu muna duban ƙofa, bawan Allah bai shigo ba."

Iya ta ce, "Ƙila daga Ɗan Isa yake tahowa, kuma a ƙasa."

Yaya ta yi dariya har tsinken kitso ya faɗi daga hannunta.

Mai hankali a nan zai sauka daga kujera. Ni sai na ce bari in kunyata su. Na hura wuta da kaina, na ɗora babban kasko, na juye gyaɗa har baki. Dabarar ta ci kuwa, don na ga Gwaggo ta fara gyara ɗankwali, Iya ta ture zogale gefe. Daidai nan wayar gida ta yi ƙara a ɗaki, Inna ce. Na ruga, ina cewa, "A riƙa juyawa!"

"Za a juya!"

Wannan karon ba tsokana ba ce, da gaske suke. Gwaggo ta ga Iya ta fi kusa da murhu, sai ta zaga yin alwala. Iya ta ga Yaya ta miƙe, sai ta leƙa gida duba jikanta. Yaya kuwa miƙewar da ta yi ta ɗauko faifai ce a sito, tana da tabbacin tsofaffi biyu ba za su bar kasko ba. Ni ina ɗaki ina gaya wa Inna, "Lafiya lau, ana ta aiki," ina ba ta labarin yadda na kawo tsari.

Hayaƙi ne ya katse mana hira. Ƙaurin gyaɗar nan na tabbata har tsohuwar tashar jirgi an shaƙe shi. Ta yi baƙi ƙirin, akuyarmu da ke cin leda ta sansana ta juya. Kasko ɗaya kuwa jarka ɗaya ce. Ga azahar ta gabato, sauran gyaɗar ko wuta ba ta gani ba, ga Alhamis jibi. Na hango matan layinmu biyu suna loda jarkokinsu a motar Shinkafi suna ɗaga mini hannu.

Na cire mayafi, na zare biro, na je gaban Gwaggo na durƙusa.

"Gwaggo, ina kwana."

"Ikon Allah! Yanzu gari ya waye miki?"

"Ya ƙafar?"

Ashe jira take a tambaye ta. Ta ɗauko tarihin ƙafar tun daga ranar da jaki ya taka ta tana budurwa, ta bi da ni ta wurin masu magani bakwai. Ina durƙushe, gwiwata na kuka. A ciki dai na tsinci cewa yau ba ta iya tsayuwa, amma tana iya zama gaban murhu. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki kama mini suya." Ta ce a kawo mata kujera. Ban jira A ba, na kawo mata ta roba, kujerar mulkina.

Iya ta ce jikanta ya kwana da zazzaɓi, in za a bar ta ta goyo shi ta zo da shi, murza da bakace nata ne. Yaya kuwa ban gama tambayar ɗinkinta ba ta ce ita za ta kai inji, don shagon telan yana jikin injin, kuma na lura ba ɗinkin kaɗai take zuwa dubawa ba.

Kafin magariba an kai markaɗe an dawo. Ranar Laraba muka wuni kan turmi, ana zuba ruwan zafi ana juya tunkuza har mai ya taso. Manaja ita ce mai ɗebo ruwa, mai faskare, mai mulmula ƙuli har tafin hannunta ya daina jin komai.

Alhamis direba ya ga jarka uku, ya leƙa bayana ko ta huɗun ta ɓuya. Ya ɗaga kafaɗa ya ja mota.

Inna ta dawo da azahar. Tun daga zaure hancinta ya ba ta rahoto. Ta zauna ta kira hajiyar Shinkafi. Ta gaida ta, ta gaida maigidanta, ta gaida 'ya'ya da jikoki, ina jin har kajin gidan sai da aka tambayi lafiyarsu. Can ƙarshe hajiyar da kanta ta ce ba komai, a cika mata jarka biyar mako mai zuwa.

Inna ta ajiye waya. "Wa ya ƙona mini gyaɗa?"

Na buɗe baki, Gwaggo ta riga ni. "An ƙona dai."

"An yi sakaci," in ji Iya.

"Ba a kyauta ba gaskiya," in ji Yaya, tana kallon sama.

Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ga ba za ta samu komai ba. Sannan ta nuna ni da yatsa.

"Ke. Ɗauko faifai."

Ta zaunar da ni gaban tulin gawayin nan, ta ce in tsince duk ƙwayar da ta tsira. Har la'asar sakaliya ina tsinta, na samu rabin kwano. Gwaggo ta karɓa ta ce bari ta duba ko na tsince da kyau, ta dube su ɗaya bayan ɗaya da haƙoranta, ta miƙo mini kwanon in wanke.