Ruwan Randar Aji Biyar

Shekarar da fanfon tuƙa-tuƙa na makarantarmu ya lalace, ni ce malamar aji biyar a wata firamare can bayan Ƙarfi. Aka zo aka kwance kan fanfon wai za a kai gyara, shi ke nan ba mu sake ganinsa ba. Rijiyoyin gari kuwa bazara na kamawa suke ƙafewa. Sai muka koma tafki, mu da shanu. Kullum da safe yara su ɗebo su cika randar da ke bayan aji, kowa ya sha ya yi hamdala.

Ni kuwa na gaji da koyar da kimiyya da alli. In zana ƙwayar cuta a allo, yara su ce ƙosai ne. Na yi ta yi wa wata ƙawata da ke koyarwa a sakandare a Malumfashi naci, har ta aro mini madubin nan mai nuna ƙananan halittu, da sharaɗin washegari in mayar. Na rungumo shi a kan acaɓa kamar jariri.

Ranar mun duba ɓawon albasa, mun duba fiffiken ƙuda, aji ya kaure da ihu. Ana cikin haka sai wata siririyar yarinya, wadda tambaya ba ta ƙarewa a bakinta, ta ɗebo ruwan randa a moɗa.

"Malama, a duba wannan."

Na ɗiga, na daidaita, ta sa ido. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Malama," ta ce a hankali, "suna motsi."

Na leƙa. Ga su nan birjik suna kai-komo, wasu da gashi, wasu na mirginawa. Na san da su, har jarrabawa na ci a kansu. Amma wannan ruwan na sha da safe.

Sauran yaran dariya suka yi, ana tashi tara suka yi wa randar caa. Ita ba ta sha ba. Washegari ma haka. Kafin mako ya fita leɓɓanta sun tsage, tana kifa kai a benci saboda ciwon kai, ga rana kamar ta dafa mutum. Sai ga uwarta ta zo ta tsaya a bakin taga.

"Malama, me kika nuna wa 'yata? Ta ƙi ruwa. Koko kawai take sha, shi ma sai na rantse ya tafasa."

"Yaya, ku riƙa tafasa mata na sha."

"Da wane itacen? Karan bara ya ƙare, ɗan abin da ya rage na tuwo ne. Daji kuwa kin san ba ya shiguwa yanzu." Ta gyara hijabinta. "Ke kika sa mata, ke za ki cire mata."

Haushi ya kama ni, amma ban san wa zan ji wa ba. Ni ma gidana ba tafasawa nake yi ba.

Sai na ce yara su kawo gorar roba, gawayi, yashi, tsakuwa da tsohon ɗankwali. Muka yanke gindin gorar, muka kifa ta, muka jera su, muka zuba ruwan tafki ja wur. Ya riƙa ɗigowa fari tas, yara na tafi. Na tara a moɗa na miƙa wa yarinyar.

Ba ta karɓa ba. "Malama, a sa a madubi mu gani."

"Na mayar da shi."

"To sun fita?"

Na san yashi da gawayi laka suke tarewa, ƙananan nan da yawa wucewa suke yi. In ce sun fita, na yi mata ƙarya, ni da na koya mata kada ta yarda sai ta gani. In ce suna nan, yarinyar mutane ta ci gaba da bushewa a gabana. Wani ruwan kuma babu, ko a nan ko a gidansu.

Na ce, "Sun ragu."

Na kafa kai na sha rabi, na miƙa mata sauran. Ta dube ni, ta dubi moɗar.

"Malama, sai da kika rufe ido."

Ban ma san na rufe ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta runtse nata idon, ta shanye.