Ganyen da Ke Cikin Ƙamus

Malama Mai Ganye ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da Turanci a aji huɗu, a ɗaki ɗaya mai taga uku, wanda ta tsakiyar ba ta rufuwa sai an tokare ta da guntun katako. Shugabannin makaranta biyar sun zo sun wuce a kan idonta. An sake fenti, an sake littafin karatu sau shida, ita kuwa ko teburinta ba ta yarda an gusa ba. Ba mai fara'a ba ce, ba kuma mai duka ba. Kallo gare ta, irin wanda ke sa yaro ya tuna bai daidaita maɓallin rigarsa ba.

Doka ɗaya ta kafa wa kanta tun tana sabuwar malama: ba a tashi aji da tambayar yaro a rataye. In ta sani, ta faɗa. In ba ta sani ba, sai a nemo tare, ko ƙararrawa ta buga, ko iyaye sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna duba agogo. Ta taɓa sa an kwance agogon bangon ajin don wata yarinya ta tambayi abin da ke ƙara a cikinsa. An ga abin da ke ƙarar. Agogon dai bai ƙara aiki ba, kuma har yau yana rataye a wurinsa yana nuna goma saura kwata.

Sunan Mai Ganye kuwa darasi ɗaya ne ya jawo mata shi. A zango na biyu littafi yakan kawo lokutan shekara na ƙasashen sanyi, guda huɗu, kowanne da hotonsa. Uku ba sa ba da wahala. Na huɗun, lokacin da ganyaye ke yin ja su zube, shi ne mai suna biyu, autumn da fall. Yara kuwa ba abin da suka tsana irin abu ɗaya mai suna biyu, don a ganinsu dole ɗayan ƙarya ne, kuma shi za a kawo a jarrabawa. Sauran malamai sukan rubuta “kaka” a allo su wuce abinsu. Ita takan ce kaka maganar hatsi ce, wannan kuwa maganar ganye ce, maƙwabta ne amma ba gida ɗaya ba. Sai ta buɗe durowa, ta ɗauko tsohon ƙamus, ta buɗe tsakiyarsa.

A nan ganyen yake, cikin wata wasiƙa mai ninki biyu. Faɗinsa kamar tafin hannun babba, da tsini biyar kamar yatsu, asalinsa ja ne wur. Yayanta ne ya aiko shi, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu rak. Makanikin injin jirgin ruwa ne, ya tafi aiki tana shekararta ta biyu da fara koyarwa. Wasiƙar ba ta da tsawo:

“Ƙanwata, na ji har yanzu malanta kike yi, Allah ya ceci yaran. Ga ganye na tsinta a ƙofar masaukinmu. Inda na fara sauka, da doguwar kalmar, autumn, suke kiran lokacin nan. Da na ƙetaro teku sai na tarar da gajeriyar, fall, suke kira. Bishiyoyin dai ba ruwansu, zubar da ganyensu kawai suke yi. Ki ajiye min shi, in na dawo zan ba ki labarin sauran.”

Wasiƙu biyu suka biyo bayan wannan, daga nan shiru. Ta rubuta tara, huɗu suka dawo mata ba a buɗe ba. Iyayensu suka rasu suna sauraron ƙofa. Maigidanta ya yi ta tambaya shekara da shekaru, daga baya shi ma ya bari don ya ga tambayar ba ta ƙara mata komai sai rashin cin abinci. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma ga yadda ta ɗauki abin: ganyen ajiya ne, kuma muddin ajiya tana nan, mai ita yana nan tafe. Wauta ce, ta kuma san wauta ce. Sanin bai hana ta komai ba.

Sau ɗaya a shekara ganyen ke fita, da sharuɗɗansa. A kashe fanka. Masu mura su koma bayan aji. Kowa ya shimfiɗa tafin hannu, ban da yatsa, ban da hura iska. Ita ke ɗora shi, ita ke ɗaukewa, daga benci zuwa benci, kamar mai rabon ƙwai. Tana tafe tana cewa, “Wannan ganyen, can gefen teku da doguwar suke kiran lokacinsa, wancan gefen da gajeriyar. Shi kuma ganye ɗaya ne.” Ba a taɓa samun ɗalibinta da ya faɗi wannan tambayar a jarrabawa ba. Duk da haka shekaru sun ci rabonsu. Jan ya koma ruwan ƙasa. Tsini ɗaya atishawa ta tafi da shi, ɗaya kuma wani mai duba makarantu ne ya matsa don ya ga ko roba ce.

A shekararta ta ƙarshe, Shugaba ta kira ta ofis. Shugabar nan ita ma a hannunta ta yi aji huɗu, shi ya sa har yanzu takan miƙe in Malama ta shigo.

“Malama, ganyen nan ya kusa ƙarewa. Ki bari a rufe shi da leda a inji, irin yadda ake yi wa takardun shaida. In kin so ki tafi da shi gida, in kin so mu rataye a nan.”

“Zan duba,” in ji Malama, wanda a bakinta kusan amincewa ne.

Ranar Litinin ta biya shagon da ke kwanar titi, tsakanin tela da mai sayar da magani. Ɗan ƙaramin wuri ne mai warin leda mai zafi, injin kwafi ya cinye rabinsa. Ba ta zo da ganyen ba. Ta tsinci wani busasshe a bakin kwata, ta ce a fara gwadawa da shi. Mai inji ya sa shi tsakanin leda biyu, ya tura, ya fito ta ɗaya gefen da ɗumi, ya ɗan yi duhu, ya miƙe sambal.

“Shekara ɗari zai yi, Mama. Ko a ruwa kika jefa shi.”

Ta lanƙwasa shi, ta sake, ya koma yadda yake. Ta ji sanyi a ranta, don rabonta da buɗe ƙamus ɗin nan ba tare da gabanta ya faɗi ba, an daɗe. Ta ce zai gan ta Alhamis bayan an tashi, in ta gama darasin.

Alhamis aka kashe fanka, masu mura uku suka koma baya. Ganyen ya zagaya hannu arba'in da uku lafiya lau, ya dawo teburinta. Saura minti biyar, ta sa aka karanta sakin layin ƙarshe, inda littafin ya ce yara sukan yi gudu a kan busassun ganyaye suna jin ƙararsu a ƙarƙashin takalmi. Sai hannu ya tashi a benci na biyu. Wata ’yar siririya ce da ajin ke kira Lauya, saboda ba a taɓa gama magana ba ta ce “amma” ba.

“Malama, amma ƙarar nasu irin ta namu ce?”

Shekara talatin ana zagayawa da ganyen nan. An tambaye ta launinsa, an tambayi sunan bishiyar, an tambayi ko akuya na ci. Ba wanda ya taɓa tambayar wannan.

“Ban sani ba,” in ji ta.

Kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan kalmar, har wasu suka fara mayar da jakunkunan da suka riga suka rataya. Ƙararrawa ta buga, ba wanda ya motsa.

Da ta ce “eh, iri ɗaya ce” da an tashi, kuma mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Ta yi tunanin hakan, ba za a ɓoye ba. Amma ba ta sani ba, kuma ba ta taɓa sallamar yaro da ƙila ba. Ta dubi ganyen a kan wasiƙar. Ta lissafa, in Yaya na raye ya haura saba'in. Mutumin da ya yi shekara ashirin da bakwai bai rubuto layi ɗaya ba, ba ganye ne zai dawo da shi ba. Ta daɗe da sanin haka, yau ne dai aka tambaye ta a gaban jama'a.

“A rufe tagogi. Ku matso, ban da turereniya.”

Aka tokare ta tsakiya da katakon. Ta ɗora ganyen a tafin hannunta na dama, ta ɗaga daidai kunnuwansu, ta jira har mai tarin baya ya gama tarinsa. Sannan ta dunƙule hannun.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙaras, sai wani ɗan ƙaras a bayansa, shi ke nan.

Lauya ta ɗan karkata kai. “Irin ta nan ce, Malama,” ta ce, da alamar an ɗan cuce ta.

“To, yanzu mun sani. Can gefen teku me suke cewa?”

Suka amsa da doguwar.

“Wancan gefen fa?”

Suka amsa da gajeriyar. Ta ce su tafi.

Da ajin ya watse ta buɗe hannun. Gari ne da ’yan jijiyoyi, sai karan da ya rage. Ta karkaɗe su cikin ambulan, ta goge tafin da gefen mayafinta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, fiye da ranar da wasiƙarta ta farko ta dawo. Ta zauna har ya ɗan lafa, sannan ta share allo, ta kulle durowa.

Shugaba ta tare ta a baranda, labari ya riga ya kai mata. Ta buɗe baki, ta tuna a ajin wa ta yi karatu, ta rufe.

Mai inji ya riga ya kunna injinsa yana jira. Malama ta miƙa masa wasiƙar. Da ya warware ninkin sai ga shatin ganyen a jikin takardar, ruwan ƙasa, a kan rubutun, da tsininsa biyar cif kamar ranar da ya zo.

“Ina ganyen, Mama?”

“Mun yi karatu da shi,” ta ce. “Wannan za ka rufe min. Ka yi a hankali, mai ita ba zai sake rubuto wata ba.”