Jan Lalle Ba Jini Ba Ne

A lokacin na haura shekara arba'in, ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, kuma duk unguwarmu a Dakoro an san bakina ba ya da linzami. Aka zaɓe ni cikin matan da ke zagaya gidajen masu ciki, aka ba mu salula mai wata manhaja: ki ɗauki hoton tafin hannun mace, ta faɗa miki ko jininta ya yi ƙasa. Malamin da ya horar da mu ya ce da tarin hotunan hannaye aka koyar da ita, har ta iya rarrabewa. Sai ya ƙara wata magana da Faransanci, 'yan mata suka rubuta. Ni ban gane ba, amma na gyaɗa kai, don kada sa'o'in 'ya'yana su yi mini dariya.

Matar ƙanena tana da ciki wata takwas, ta dawo biki daga Ɗan Gulbi, hannu jajur da lalle, tana kukan jiri da haki. Na ɗauki hoto, salula ta ce jini lafiya lau. Innarmu, tsohuwar ungozoma ce, ta ja fatar idon yarinyar, ta ce fari fat kamar nono, a kai ta likita yau ɗin nan. Na ce mata zamanin duba da yatsa ya wuce, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta ce to malama, Allah ya ƙara ilimi, amma boko bai ƙwace wa kowa ido ba. Ƙanena ya bi tawa, tunda ni ce mai karatu.

Bayan mako biyu naƙuda ta zo, jinin da dama babu shi ya ɓalle. Sai da aka ƙara mata jini a Maraɗi ta tashi. Jaririn bai zo da rai ba. Majo, shugaban likitarmu, wato asibitin garinmu, ya duba hoton, ya tambaye ni ko ban ji an hana ɗaukar hannu mai lalle ba, don manhajar ba ta san lalle ba, duk ja jini ne a wurinta. Ashe maganar Faransancin nan ke nan.

A gida wasu sun ce ƙaddara, wasu suna zagin salula, ban gyara wa kowa ba. Yarinyar har yau Yaya take kirana, ta dama fura ta kawo mini da hannunta.

'Yan uwana mata da aka damƙa wa irin wannan aiki, na'ura abin da aka nuna mata kaɗai ta sani. In ta saɓa da idon tsohuwa, ku kai maras lafiya likita a raba gardama. In ba ku gane ba, ku tambaya, a yi dariyar. Dariya ba ta kai kowa kushewa ba, shiruna ya kai.