Armuwar ta kwanonin Inna

Da na dawo Buza daga cirani, Inna ta ce in haɗa mata armuwar, wato kabad na katako, ta jera kwanoninta na ado. A tsakar gida na yi aikin, kowane hawa da kwanonta na gwada shi. Ta zaɓi jajayen furanni a ƙyamaren, ina zanawa da gashin kaza. Saura fure biyu ta rasu.

Bayan sadakar arba'in aka raba kwanonin, kowace ɗiya ta kwashi nata. Na koma kan zanena, ban ji komai ba. Yayata ta tsaya kaina.

"Mi za ka sa ciki?" in ji ta.

"Matsa, kin tare mini haske."

Na sake tsoma gashin cikin fenti.