Wayar da Aka Ce Ta Mutu

A garinmu na bakin teku, can tsibirin Samar, duk wanda ya ga mace da hular kwano tana bin gida-gida tana leƙen ƙwan fitilar mutane da rana tsaka, ya san guguwa ba ta daɗe da wucewa ba. Luzviminda ce, amma ba mai kiran ta sai da Minda. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, jakar kayan aikinta kuwa tsohon buhun shinkafa ne da ta ɗinka wa marataya. Wasu na cewa ta cika shisshigi. Ni ban taɓa ganin laifinta ba, kuma masu faɗin hakan yawanci su ne ba su san bambancin jar waya da baƙa ba.

Ba da wannan sana'a ta tashi ba. Soyayyiyar ayaba take sayarwa a ƙofar makaranta har ta auri Rodelio, mai hawa turken wuta a ƙungiyar lantarki ta yankinmu. Shekarar da babbar guguwa ta share garin aka yi wata da watanni ba wuta, sai aka kawo horon haɗa sola a zauren unguwa. Ranar farko maza suka cika wurin maƙil saboda an ce za a raba abinci. Da abincin ya ƙare suka watse, aka bar Minda da wasu tsiraru. Ta koyi ɗora farantin sola a kan kwanon rufi, ta koyi haɗa batir da inbata mai mayar da wutarsa irin ta gida, ta ƙone yatsa ba sau ɗaya ba, ta ci gaba.

Abin da ya fi zama mata a rai kuwa a bakin mijinta ta ji shi, suna cin shinkafa da busasshen kifi. Wani abokin aikinsa ya ɗauki wayar da ta faɗi, wadda kowa ya tabbata ta mutu, ashe wani gida na tura mata wuta ta baya. Mutumin ya rayu, amma matarsa ke ba shi abinci a baki har yau. Haka abin yake: idan ka soka wutar batirinka a soket ɗin bango ba ka raba gidanka da layin waje ba, wutar ba ta da kunyar tsayawa a ɗakinka. Za ta bi waya ta fita, ta shiga taransifoma ta baya, ta fito da ƙarfin da zai kayar da bauna. Maganinsa ɗan akwati ne mai hannu ɗaya, cenjoba. Ka ɗaga sama gida ya koma layin gari, ka danna ƙasa ya koma batir, kuma ko za ka kwana kana lallashinsa ba zai haɗa biyun ba. Tun daga ranar Minda ba ta haɗa wa kowa sola sai da shi, wanda bai yarda ba ya nemi wani.

Guguwar bara ta kwantar da turaka a cikin gonakin shinkafa kamar an zubar da ashana. Rodelio ya tafi da ayarinsa tun kafin ruwa ya janye, sabis ɗin waya kuma babu. Wani direba ne ya kawo labarin cewa gobe za su taɓa layinmu, kuma daga hayin kogi za su faro. Ma'ana kafin a ga motarsu a gari, hannuwansu sun riga sun kama wayar. Minda ta rataya buhunta ta fara zagaye.

A gidan Pacing, wadda muke ce wa Mana don girmamawa, ta ga abin da take tsoro. Tsohuwar ba ta da faranti, ba ta da batir, amma ga ƙwan fitila yana ci a kan baranda, fanka na kaɗa mata gashi, tana tsince shinkafa hankali kwance.

"Mana, ina kika samo wuta?"

"Wajen mutanen kirki, Iday 'yata. Ba kowa ne mai rowa ba. Ninong ɗinki ya ce tun da wayar gari na zaune ba aikin yi, gara ta kawo mana. Mu da gidajen can duk muna sha."

Da wani ne da sauƙi. Ninong Berting shi ya riƙe Minda ranar baftisma, ma'anar Ninong ke nan, shi ya tsaya mata a matsayin uba da nata ya rasu a teku. Sana'arsa balut, ƙwan agwagwa da yake ɗumamawa a injin ƙyanƙyasa kafin a dafa a sayar, kuma saboda injin ne surukinsa ya aiko masa da manyan batura daga birni, wani ɗan koyo ya haɗa masa su. A garinmu ba a gyara wa Ninong magana. Ana cewa to, a fita, a yi gunaguni a hanya.

Ta same shi yana haska ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Ta kama hannunsa ta kai goshinta kamar yadda aka saba, ya sa mata albarka, ya tura mata kujera da ƙafa.

"Injiniya da kanta. Zauna ki ci balut, kin rame kamar sandar rake."

"Ninong, babban makunninka a kunne yake."

"Da gangan na bar shi."

"Wutarka na fita har gona. Gobe su Rodel za su ɗaga wayar nan da hannu."

Ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa yaro mai tsoron ƙadangare. "Iday, wannan 'yar wutar? Fankar Pacing ma da ƙyar take juya ta. Mijinki da ke wasa da ta gwamnati zai ji tsoron ta agwagwa?"

Ta yi masa bayanin taransifoma, a hankali, da ladabi, har da zane a ƙasa da sukundireba. Ya saurara yana gyaɗa kai, don Ninong ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Daga ƙarshe ya tashi ya kashe makunnin da hannunsa.

"Shi ke nan. Na yi miki alkawari ba zan kunna ba sai sun gama. Hankalinki ya kwanta?"

Bai kwanta ba. Ta san shi tun tana goye. Mutum ne da ba ya iya cin abinci idan an tsaya masa a ƙofa, wanda ya taɓa cire rufin rumfarsa ya ba maƙwabci. Gobe da safe zafi zai tashi, Mana Pacing za ta zo tana fifita da kwali tana cewa numfashinta, shi kuma zai ce ai na ɗan lokaci ne. Da azzalumi ne da ta san yadda za ta yi da shi. Kirkinsa take tsoro.

"Ninong, ban yarda da alkawarin ba."

Mana Pacing, wadda fankarta ta tsaya, ta riga ta iso bakin ƙofa da wasu maƙwabta, duk sun ji.

"Maimaita."

"Na yarda da kai, ban yarda da tausayinka ba. Zan saka maka cenjoba yau. In ka hana ni, zan zauna a gindin makunnin nan har su wuce, kai kuma sai dai ka sa a ɗauke ni."

"Ji yarinya," in ji Mana Pacing. "Jiya-jiya tana soya ayaba, yau ita ce mai raba wuta a duniya."

Minda ba ta ko waiwaye ta ba. "Kai ka raka ni gaban coci, Ninong. Kai ka ɗora hannuna a kan na Rodel. Hannun nan nake so ya dawo min da shi."

Kunnuwan tsohon suka yi ja. An kunyata shi a gidansa, gaban mutanen da yake yi wa alheri, kuma 'yar da ya raina ce ta yi. Ya ce, "Yi abin da kika ga dama. Kin girma." Ya koma kan ƙwansa ya juya mata baya.

Cenjoba kuwa babu ko ɗaya a kantin gari, hanyar birni kuma ƙasa ta rufe ta. Minda ta koma gidanta ta kwance nata. Ta raba batirinta da wayoyin gidan gaba ɗaya, ta bar wa kanta ƙwan fitila guda da wurin cajin waya, firijinta da ta yi shekaru tana marmari ya yi shiru. Ta dawo da akwatin a buhu. Da farko ta jona injin ƙwan kai tsaye da inbata don kada su huce, sannan ta buɗe allon wutar Ninong, ta tarar da wayoyi a cakuɗe kamar taliya, wasu an naɗe su da ledar burodi. Ta yi tsaki ta hau warwarewa. Gumi na shiga mata ido, kwanon rufi na gasa mata ƙeya, ba wanda ya miƙo mata ko ruwa, alhali a gidan nan ko mai karatun mita sai ya ci ya ƙoshi.

Da ta gama ta gwada hannun sama da ƙasa, ta fita ta auna wayar da ta bar gidan, ta tabbata babu komai a cikinta. Sannan ta jera soket a barandar Ninong, yadda maƙwabta za su kawo wayoyinsu da fitilun caji, har fanka in mutum zai iya ɗaukowa. Mana Pacing ta ce ita ba 'yar gudun hijira ba ce da za ta yi ta yawo da fanka a ka. Da Minda ta je yin sallama, Ninong ya haɗe hannuwansa a baya. Ta tsaya ɗan jim da nata hannun a miƙe, sannan ta sauke. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka a hanya, amma ba ta yi nadama ba.

Washegari da hantsi ta zo ta tsaya a bayan dangar Ninong, inda ake hango gonaki har kogi. Can nesa ga su nan da jajayen huluna, sun yi layi cikin taɓo har gwiwa. Ta gane Rodelio daga yadda yake tafiya yana ɗan karkata. Ta ga ya sunkuya ya ciro wayar daga cikin ruwa ya saɓa a kafaɗa, sauran suka kama a bayansa.

A daidai nan ta ji muryar Mana Pacing ta cikin bangon gora.

"Berting, don Allah. Ban runtsa ba, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Na ɗan lokaci kawai, yarinyar nan ba za ta sani ba."

Sai takun silifas. Sai ƙarar hannun akwatin, ƙas, ya hau sama. Ƙas, ya dawo ƙasa. Ya sake hawa, ya sake saukowa, da ƙarfi wannan karon, ana jin tsohon yana ƙunƙuni yana neman tsakiyar da babu ita.

"Ya ƙi, Pacing," in ji shi. "Ta ɗaure min hannu."

Minda ta zauna daɓas a kan kunyar gona. A can cikin ruwan Rodelio ya gyara wayar a kafaɗarsa, ya juya ya faɗa wa na bayansa wata magana, suka yi dariya, suka ci gaba da ja.