Safiyanu Mai Goyo

Har zuwa watan jiya, duk Asabar da Lahadi, da an sallame asuba Malam Safiyanu zai fito daga lungunsu na unguwar Birni, a Damagaram, da 'yar jaka a kafaɗa. Ba ya hawa kabu-kabu. A ƙasa yake takawa har Zango, inda kar, wato babbar motar masu zuwa yawon shaƙatawa, ke jira, wai tafiyar ce ke warware masa gwiwa. Abin da ke cikin jakar bai taɓa sauyawa ba: gorar ruwa, usur na tara yara, ɓarin goro, da majanyi. E, majanyi, irin wanda mata ke ɗaure goyo da shi. Saƙi ne mai kauri, na matarsa Hadiza, wanda ta goye 'ya'yansu kaf da shi.

Aikinsa ja-gora ne. Shi ke kwasar 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, da iyalai ya kai su Lambun Sama, wurin wasan da aka gina a kan dutse a gefen hanyar Mirriya, ya yini da su, ya dawo da su kafin magariba. Can sama akwai ƙaton lilo mai juyawa da lantarki, da ɗan jirgin ƙasa na yara, da tafkin wanka, da otal mai farin fenti. Masu wurin sun ƙawata komai. Abu ɗaya suka manta, ko kuma suka ga bai dame su ba. Hanyar hawa matakala ce da aka sassaƙa a jikin dutse, doguwa mai miƙewa, wadda ko mai ƙafa biyu lafiyayyu sai ya tsaya ya mayar da numfashi a tsakiya.

To yaron da ƙafafunsa suka shanye fa? Malaman lakwal sun daɗe da samo dabara, kuma muguwar dabara ce. Idan kar ya tsaya a gindin dutse, sai a dubi yaron, a yi masa murmushi, a ce, "Kai ne mai tsaron jakunkuna yau, babban aiki ne." A bar shi cikin mota da kwanon abinci, ƙarfe na gasa shi, yana jin shewar 'yan ajinsu na gangarowa daga sama har la'asar. Jakunkunan kuwa ba mai satarsu, ga direba nan kwance a inuwa yana kallonsu. Kowa ya san ƙarya ce. Yaron ma ya sani, shi ya sa ba ya gardama.

Modu, direban kar ɗin, shi ya ga ranar da Safiyanu ya fara take wannan al'ada, a shekarar da aka buɗe wurin. Ya ce sun yi nisa da hawa, Safiyanu ya waiwaya ya hango fuskar yaro manne da gilashin mota. Ya miƙa wa wani malami usur ɗin, ya sauko, ya ari zani wurin wata mai sayar da gyaɗa, ya durƙusa a ƙofar kar ya ce, "Hau, jakunkuna sun girma, za su tsare kansu." Mai gyaɗa ce ta ɗaure masa goyon, tana yi tana dariya har da hawaye. Washegari ya zo da majanyin Hadiza.

Daga ranar sunan ya bi shi. Namiji da gemu, ɗan Birni, da goyo a baya kamar mai jego. 'Yan kabu-kabu na gindin dutse suka samu abin yi. "Mai Goyo, yaushe suna? Ina jaririn yau?" Shi kuwa sai ya nuna sama da haɓa ya ce, "Yana can yana lilo." 'Yan'uwansa sun zo har gida sun ce yana zubar musu da mutunci. Ya ba su tabarma, ya ba su ruwa, ya raka su ƙofa, Asabar na zagayowa ya saka majanyinsa a jaka.

Kai ne, Safiyanu, wanda ya mayar da sunan tsokana ya zama kirari. Fiye da shekara goma kana hawa da 'ya'yan mutane a bayanka, daga Zango, daga Mirriya, daga ƙauyukan da ko sunansu masu otal ba su sani ba. Wani ya yi maka fitsari a baya don tsoro, ka ce zufa ce don kada 'yan ajinsu su ji. Kuma duk da nauyin da ke kanka ba ka daina aikin ja-gora ba, kana haki kana nuna musu inda Birni yake da inda gonakin gero suka fara.

Masu Lambun Sama fa, me suka yi? Hoto suka ɗauke shi. Suka buga shi ƙato a allon bakin hanya, shi da yaro a baya, suka rubuta a ƙasa wai wurin nan na kowa ne. Ba su ji kunya ba. Daga baya suka fasa dutse ta baya, suka shimfiɗa kwalta har ƙofar otal, suka kafa mata shingen ƙarfe da kwaɗo da mai gadi. Hanyar ta motocin baƙin otal ce kaɗai. Safiyanu ya yi ta sintiri ofis yana roƙon a riƙa buɗe ta idan an zo da yaron da ba ya iya hawa. Kullum amsar ɗaya ce, ana nazari. Suna nazari gwiwarsa ta dama tana cinyewa.

Bara likita ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in ya sake hawa dutsen nan da kaya a baya, ƙafar ba za ta ƙara ɗaukarsa ba. Hadiza ta ɓoye majanyin a ƙasan adaka. Ya nemo shi. Da ta tare ƙofa sai ya ce, "Ba ni zan ɗauka ba, Hadiza. Zan riƙa miƙa wa matasa ne, ai wurin cike yake da majiya ƙarfi." Ta dube shi ta kauce, don ta san mijinta, ta kuma san matasan.

A watan jiya aka zo da wani aji daga Mirriya, tare da malamarsu, Madam Wasila. Cikinsu akwai Ilham, yarinyar da ba ta fi shekara tara ba, ƙafafunta duka biyu a shanye, da rarrafe take tafiya, tana sa silifa a hannuwa saboda zafin ƙasa. Ta sha kitso sabo don wannan rana. Da kar ya tsaya, Madam Wasila ta matso kusa da ita, ta buɗe baki tana neman ta inda za ta fara. Yarinyar ta hutar da ita.

"Na sani, Madam. Ni ce mai tsaron jakunkuna."

Safiyanu yana tsaye a ƙofa ya ji. Ya ce wa Madam Wasila ta tsayar da yara, ya ɗingisa ya zagaya wurin shinge. Ya yi sa'a, ko ya yi rashinta, don daidai lokacin motar direktan wurin ta iso, mai gadi na kiciniyar buɗe kwaɗo. Ya leƙa, kujerar baya ba kowa sai kwalin lemo.

"Ranka ya daɗe, yarinya ɗaya ce, ba ta da nauyi. A sa ta a baya, ni zan bi ta matakala in tarye ta."

Direkta ya sauke gilashi rabi. "Malam Safiyanu, in na buɗe wa ɗaya, gobe duk guragun Damagaram za su yi mini layi a nan. Baƙin otal ba wannan suka zo gani ba. Ai kai ne gwani, yi yadda ka saba."

Gilashi ya koma sama, mota ta wuce, kwaɗo ya koma wurinsa. Mutumin da ya faɗi wannan magana kullum yana wucewa ta ƙarƙashin allon nan mai hoto, safe da yamma.

Safiyanu ya dawo ya zaro majanyi ya ɗaga shi. Wurin kuwa cike yake da majiya ƙarfi, kamar yadda ya gaya wa Hadiza. Ga 'yan kabu-kabu, ga samari masu ɗaukar hoto, ga iyaye maza da suka rako wani ajin. Nan take kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Modu ne kaɗai ya yunƙura, shi kuwa asma ke damunsa, ko rabin matakalar bai taɓa kaiwa ba. Safiyanu ya dafa shi ya zaunar. Ya durƙusa a ƙofar kar, gwiwar ta yi ƙara, ya ce, "Hau, 'yata."

Sun hau. Madam Wasila tana bayansu, ta ce tun daga tsakiya ta ga ƙafar na rawa, amma bai daina magana ba, yana nuna wa Ilham hanyar da suka biyo daga garinsu. A kwanar ƙarshe, ana hango ƙofar lambun, ta ji wani sauti kamar an karya busasshen kara. Ya faɗi ta gaba, da gangan, ya tare dutse da tafukansa don kada yarinyar ta bugu. Rana ta take, dutsen ya yi zafin da ba a iya dafa shi.

"Baba, kwance ni."

"Saura kaɗan, 'yata. Bari in huta."

"Kwance ni, Baba. Wannan ni na iya, kai ne ba ka iya ba."

Ya kwance ta. Ta zare silifa ɗaya daga hannunta ta miƙa masa. "Sa a na dama. Kada ka dubi sama, dubi ta gabanka kawai." Madam Wasila ta sunkuya za ta ɗauke ta, yarinyar ta ce, "Bari, Madam, mun kusa." Haka suka ƙarasa, dattijo da yarinya, kafaɗa da kafaɗa, kowa da silifa ɗaya, ita tana gaba kaɗan tana jiransa. 'Yan ajin suka jeru a bakin ƙofa. Da suka kai, ya jingina da bango, zufa na zuba, ya hana kowa taɓa ƙafar sai da ya ga an ɗora Ilham a lilo, ya ga lilon ya kai ta can ƙololuwa ta ɗaga masa hannu.

Sai ga ikon Allah, shingen nan ya buɗe. Shingen da aka shekara da shekaru ana nazarinsa, kafin a ce me ya buɗe, mota ta zo har inda yake kwance. Ba tausayi ba ne. Baƙi ne suka fara taruwa daga bakin tafki suna kallo, aka ga gara a fitar da shi ta baya. Don a kai yarinya sama ba a samu makulli ba, don a kawar da dattijo daga idon baƙi an samu. Ko a lokacin ba wanda ya ce a sa Ilham a motar. Da la'asar Madam Wasila ce ta tsinci majanyin, ta ɗaure ta, ta sauko da ita. Ta ce kwana da kwanaki cinyoyinta na ciwo, kuma ita sauka kawai ta yi.

Yau Safiyanu yana gida a Birni, kan tabarma a zaure, ƙafa a miƙe. Likita ya ce da sanda zai ƙarasa rayuwarsa, dutse kuwa sai dai ya hango shi. Daga Lambun Sama ko sannu ba a aiko ba, amma hotonsa na nan a allo, har an sabunta masa fenti. Kusa da matashinsa akwai 'yar silifa shuɗiya, ta cinye daidai inda tafin hannu ke zama. Ilham ta ce ya riƙe, sai ya warke ya kai mata Mirriya da ƙafarsa.

Modu ya je duba shi ranar Litinin. Ya kwashe labarin gari kaf yana ba shi, yana kewaye-kewaye. Safiyanu ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Modu, Asabar ɗin nan wa ya tsare jakunkuna?" Modu ya sunkuyar da kai. Ya ce wani yaro ne daga Zango, mai sanduna biyu. Ya yini a mota.

Mun gode, Mai Goyo. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya saka wa Hadiza da ta ba da majanyinta ta kuma karɓi mijinta a haka. Ba ka bar wa kowa uzuri ba, shi ya sa godiyar nan take fita da ɗaci. Masu makulli su buɗe shingen nan, ba alfarma ba ce. Malamai su daina naɗa yara sarautar jakunkuna. Ku kuma majiya ƙarfin gindin dutse, da kuka shekara goma kuna tambayar yaushe suna, Modu ya rataye majanyin a bayan kujerarsa, a wanke, a ninke. Kar yana tashi daga Zango ranar Asabar da safe, kuma yaron nan mai sanduna ya ce zai sake zuwa.